Kwalliyar abinci a gida: da me zan fara?

Maman Ilham

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Akwai maganar da ta kwana biyu tana cina a rai. Makon jiya na je walimar saukar Alƙur'ani ta 'yar maƙwabciyata, aka shigo da wani tire na kayan marmari, wallahi sai da falon ya yi tsit. Kankana ce aka sassaƙe ta kamar kwando har da mariƙinsa, aka cika ta da gwanda da abarba, a gefe kuma ga kokwamba an lanƙwasa ta kamar ganye. Ba wanda ya iya kai hannu sai da kowa ya gama kallo. Tun daga ranar nake jin ni ma ina son in iya, ba don sana'a ba, don gidana kawai, ballantana ga azumi na ƙaratowa. Jiya na gwada yin furen tumatir, sau uku ɓawon yana tsinkewa a hannuna. Don Allah waɗanda suka iya, me ake saya, kuma da me ake farawa?

Baban Khalil

Wa alaikumus salam Hajiya. Aikina ke nan a kicin ɗin wani otal a Abuja. Kada ki sayi komai tukuna sai ƙaramar wuƙa guda ɗaya mai tsinin baki, wadda tsawon ƙarfenta bai wuce ɗan yatsanki ba, da dutsen wasa ta. Waɗannan akwatunan da ake tallatawa masu wuƙaƙe ashirin, ni da nake wannan aikin kullum biyu nake taɓawa a ciki.

Tumatirin da ya tsinke miki, ko dai wuƙar ba ta da kaifi, ko tumatirin ya nuna luguf. Ki nemi mai tauri, dogon nan mai nama. Ki fara daga gindinsa, ki yanka ɗan faifai kada ki cire shi, daga nan ki riƙa fere ɓawon siriri kamar faɗin yatsa, kina juya tumatirin, ba wuƙar ba. Wuƙar tana ɗan kai da komowa ne kawai kamar zarto. In kin kai ƙarshe sai ki naɗe ɓawon daga inda kika tsaya, ki ɗora shi kan faifan nan na farko. Shi ke nan fure ya fito.

Amma da ni ne ke, ba zan fara da tumatir ba. Kokwamba ta fi haƙuri da sabon hannu. Ki raba ta biyu a tsaye, ki yi mata tsaga siri-siri guda bakwai ba tare da kin yanke su daga jiki ba, ki lanƙwasa ta biyu da ta huɗu da ta shida zuwa ciki. Minti biyu an gama. Daga ita sai karas, sai tuffa, kankana ce ta ƙarshe.

Maman Ilham

Allah Ya saka da alheri Malam. Gaskiya wuƙata ta yanka albasa ce babba, shekara da shekaru ba a wasa ta ba. Karas fa, ba ya karyewa in za a lanƙwasa?

Baban Khalil

Yana karyewa in ba a jiƙa shi ba. Ruwa biyu ake ajiyewa a gefe. Na gishiri yana zuƙe ruwan jikin karas ya yi laushi, sai ya naɗu yadda kike so, minti goma ya isa. Na ƙanƙara kuma yana sa abin da kika yanka ya sha ruwa ya yi tsaye ya buɗe. Ki tsaga ganyen albasa ko attaruhu ki jefa a ruwan ƙanƙara, ki dawo bayan rabin awa ki ga yadda suka murɗe da kansu.

Hajiya Babba

'Ya'yana ina ta karanta ku. Maman Ilham, 'yata, ba hana ki zan yi ba, amma ina son ki san abin nan da kika gani a walima ba baƙo ba ne a wajenmu, kayansa ne kawai suka sauya. Wa ya taɓa ganin dubulan ɗin da aka yi da ka? Kakata in za a yi garar wata a gidanmu a Katsina, kwana uku ake yi mata suna zaune a tsakar gida kan tabarma. A murza fulawa har ta yi kamar takarda, a yanka, a tsaga, sannan a naɗe da yatsu. Kowace mace da irin naɗinta, in aka juye a masaki za ki iya cewa wannan hannun wance ne. Wadda nata ya warware a cikin mai, sai ta koma gefe ta riƙa miƙo itace. Alkaki ma haka, ba kwaɓin ne kawai gwaninta ba, murɗin ne. Nakiya a mulmula ta sumul ba tsaga ko ɗaya, domin dangin miji za su ɗaga su duba.

Ko tuwo. Yanzu an koma ƙulle shi a leda yana zufa. Mu da mara muke kwashewa, a tsoma ta a ruwa, a malmala a ƙwarya har ya yi santsi yana ɗaukar ido, a jera a akushi, a rufe da faifai mai ado. Miya a zuba ta gefe, man shanu a tsakiya yana narkewa. In wannan ba kwalliya ba ce, to mece ce? Abin da ke ba ni takaici, yarinya ta iya sassaƙa kankana ta mutanen wata ƙasa, amma a ce ta naɗa dubulan sai ta ce sai dai a saya.

'Yar Damagaram

Mama kin faɗi gaskiya. Nan wajenmu ma har gobe a gidan biki ana duba yadda aka jera kaya kafin a duba ɗanɗano. Amma ni ina ganin ba sai an zaɓi ɗaya an bar ɗaya ba. Ni da albasa na fara, tunda Allah Ya hore mana ta. Albasar Galmi ta jihar Tawa, mai ruwan hoda zuwa shunayya, in kika ɓare ta, kika tsaga daga sama zuwa kusa da saiwa gida takwas, kowane gida ki sake raba shi biyu, ki bar ta a ruwan sanyi ta kwana, da safe za ki samu ta buɗe kamar furen bado. Ina ɗora ta a tsakiyar tiren dambu. In an gama ci kuma ta shiga miyar dare.

Ummu Abdallah

Assalamu alaikum. Ku yi mini haƙuri zan zo da wata fuska daban. Abu biyu ne ke damuna a wannan harka. Na farko almubazzaranci. Na sha ganin an sassaƙe kankana guda an kafa ta a tebur tun azahar, ƙuda na bi, da magariba a kwashe a zubar. Allah Ya ce a Suratul A'araf aya ta 31 mu ci mu sha kada mu yi ɓarna, a Suratul Isra'i kuma Ya kira masu almubazzaranci 'yan uwan shaiɗanu. Na biyu surar masu rai. Yawancin abin da ake nunawa a bidiyo tsuntsu ne da kifi da fuskar mutum. Ni dai ba zan so 'yar uwa ta shiga abu da murna ta kwashi zunubi ba.

Maman 'Yan Biyu

Ummu Abdallah kin riga ni. Ni ma zan ƙara da cewa a duba halin da ake ciki. Akwai 'yan uwa a cikin zauren nan da ke lissafin yadda mudun shinkafa zai kai su Juma'a. A irin wannan lokaci a zo ana maganar yi wa kokwamba ado? Mu an tashe mu a kan ba a wasa da abinci. Ba da mugun nufi na faɗa ba.

Maman Ilham

Anti Maman 'Yan Biyu, maganarki ta taɓa ni, kuma ban ɗauke ta da zafi ba. Ni ma ba mai hali ba ce, maigidana ma'aikaci ne mai jiran ƙarshen wata. Abin da ya ja hankalina shi ne, tumatir ɗin da na gwada da shi jiya dama na miya ne, kuma miyar ya shiga. Ban ƙara ko sisi ba. Kullum abinci ɗaya nake dafawa, shinkafa da wake, taliya, tuwo, har na fara jin girki ya zame mini kamar wanki. Jiya kuwa da nake fama da ɓawon nan sai na ji ina jin daɗin tsayuwa a kicin, abin da na daɗe ban ji ba. Shi nake nema.

Malamar Islamiyya

Bari in ɗan sa baki kan abin da Ummu Abdallah ta kawo, domin magana ce mai tushe. Game da sura, akwai ruwaya a Bukhari da Muslim cewa wani mai sana'ar zane ya zo wajen Abdullahi ɗan Abbas yana neman fatawa, ya gargaɗe shi kan surar masu rai, sannan ya ce masa in ba makawa sai ya yi, to ya yi bishiya da abin da ba shi da rai. Saboda haka fure, ganye, kwando, tauraro, jinjirin wata, dagi, duk ƙofa a buɗe take. Kuma a Sahihu Muslim an ruwaito cewa Allah Mai kyau ne, Yana son kyau. Gyara abinci don a faranta wa iyali ba wasa da abinci ba ne. Wasa da abinci shi ne a wulaƙanta shi, a taka, a zubar.

Ɓarna kuwa haramun ce ko da kwalliya ko babu. Nawa ne cikinmu ke zubar da rabin tukunyar shinkafa bayan buɗa-baki ba tare da an yi mata adon komai ba? Ma'aunin mai sauƙi ne: duk abin da kika sassaƙa, ki tabbata an ci shi, har da ɓarɓashin da ya zuba a kan katako.

Ummu Abdallah

Na gamsu da wannan, Malama, Allah Ya ƙara ilimi. In dai za a tsaya a fure da ganye kuma a cinye, ba ni da ta cewa.

Maman Sultan

To ni ina da tambaya a nan, don ni na yi fuskar. Ɗana ɗan shekara huɗu ba ya cin komai sai biskit da shayi, har asibiti mun je saboda ramar da ya yi. Wata rana na dafa ƙwai, na raba biyu, na sa ƙwayar wake biyu kamar ido, na yanka karas kamar baki, na kewaye da shinkafa. Yaron nan ya cinye tas yana dariya, ni kuma na koma ɗaki na yi kuka. Daga baya na ga ashe a Japan iyaye mata sun daɗe suna yi wa yara haka a ɗan akwatin abincin makaranta da suke kira bento. Malama, ya matsayin wannan?

Malamar Islamiyya

Allah Ya ƙara masa lafiya, 'yar uwa. Malamai da yawa sun yi rangwame a kayan wasan yara, suna kafa hujja da 'yar tsanar Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, wasu kuma sun fi tsanantawa. Ba a nan zan yanke miki hukunci ba, ki kai wa malamin da kika amince da shi yadda kika faɗa mana, har da batun ramar. Kafin nan ki gwada masa mota da jirgi da rana da gida, yara maza ma sun fi son mota.

Maman 'Yan Biyu

Ni har yanzu ina nan kan bakana game da tsada, amma na ji bayanin Maman Ilham. In da abin da ke cikin kwandon cefane za a yi, ba sai an je an sayo inabi da tuffa ba, to Allah Ya ba da sa'a.

Ɗalibar Zane

Ina karatun zane-zane a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, kuma abin da ake koya mana kan allo shi ne dai ke aiki a kan faranti. Kuskuren mai farawa shi ne cika faranti maƙil. Ki bar fili. Farin faranti da ba komai a bakinsa shi ke sa abin da ke tsakiya ya fito. Launi uku sun isa, huɗu ya fara hayaniya. Abu uku ko biyar sun fi biyu ko huɗu daɗin kallo. Sannan a samu abu ɗaya da ido zai fara sauka a kansa, sauran su yi masa rakiya.

Kuma ba sai kin sassaƙa komai ba. Jeri kaɗai ma fasaha ce. Ki yanka lemun zaƙi faifai-faifai ki kewaye tire, ciki da'irar ayaba, ciki dabino, tsakiya gwanda. Ko ki ɗauko zanen da kika riga kika sani. Hannun da ya iya zana lalle ya iya zana miya a bakin faranti da bayan cokali. Zanen ƙwarya, saƙar faifai, adon hula, zanen bangon gidajen cikin birnin Zariya da Kano, duk layuka ne da kusurwoyi da ake maimaitawa, kuma babu mai rai a ciki. Turawa suna da wani mai zane ɗan Italiya, Arcimboldo, wanda wajen 1590 ya zana Sarki Rudolf na Biyu da kayan lambu zalla, hancinsa da kumatunsa duk 'ya'yan itace. Su can suka bi. Mu namu gadon na layi ne da ƙulli, kuma ya fi dacewa da wuƙa.

Baban Khalil

Ƙanwata ta faɗi daidai. Masu sassaƙa kankana da duniya ta sallama wa su ne mutanen Tailan, kuma in kika lura yawancin aikinsu fure ne da ganye. Dalilin da ya sa kankana ta fi komai karɓar wuƙa shi ne launi uku ne a jere a jikinta: kore a waje, fari a ƙarƙashi, ja a ciki. Zurfin wuƙarki ne ke zaɓar launin da zai fito. Don haka ki zaɓi mai duhun ɓawo, mai nauyi, wadda gefen da ta kwanta a ƙasa ya yi rawaya. In kina Kano ki shiga 'Yan Lemo da sassafe, kayan miya kuma 'Yankaba.

Kwandon da kika gani ba wuya gare shi ba. Ki wanke bayanta da kyau kafin komai, domin wuƙa tana kwasar dattin ɓawo ta shigar da shi ciki. Ki ɗan share gindin don ta zauna daram kada ta mirgina ta sa ki yanke. Ki zana layin mariƙin da tsinken sakace, ba da biro ba. Ki bar mariƙin da faɗi, kamar yatsu uku, in ya yi siriri zai karye. Ki cire gefe biyun, ki kwashe cikin da cokali, bakin kuma ki yi masa haƙora. Ruwan da ya taru da guntattakin su tafi cikin na'urar markaɗe da ɗan citta.

'Yar Zango

Gaisuwa daga Kumasi. Ba wanda ya taɓo launi, kuma nan ne na fi jin daɗi. Mu nan shinkafa da wake da ake kira waakye, sunan ma daga waken Hausa ya fito, da busasshen ganyen dawa ake dafa ta, wanda kuke ce wa karan dafi. Shi ke ba ta jan nan mai duhu, in an sa 'yar kanwa ya ƙara fitowa. Tun da na gane haka na daina sayen kalar kwalba don shinkafa. Kurkum rabin ƙaramin cokali ya ba ki rawaya. Zoɓo ya ba ki ja. Karas da aka markaɗa ya ba ki ruwan lemo. Sai in raba shinkafa uku, in shafa wa ƙaramin kofi mai, in danna fara a ƙasa, rawaya a tsakiya, ja a sama, in kife a faranti. Yara suna ganin ta sai su ce yau Sallah.

Ɗalibar Zane

Anti 'Yar Zango, ƙarin bayani kan wannan, don na ɓata kaya kafin in gane. Waɗannan launukan suna sauyawa da tsami ko kanwa. Zoɓo in kika matsa masa lemun tsami sai ya ƙara ja ya yi haske, in kanwa ta taɓa shi sai ya yi duhu ya koma shuɗi-shuɗi. Kurkum in ya haɗu da kanwa ja yake komawa. Kore kuma akasin zoɓo ne: alayyahu ko zogale in tsami ya taɓa su sai su dushe. Shi ya sa iyayenmu ke jefa 'yar kanwa a miyar kuɓewa. In kina son kore mai kyau ki tsoma alayyahu a tafasasshen ruwa kamar rabin minti, ki tsame ki jefa a ruwan ƙanƙara, sannan ki markaɗa ki tace.

Anti Mai Kek

Duk kun yi magana mai kyau, amma ba wanda ya ambaci babban abokin gabarmu: zafi da rashin wuta. Masu bidiyon nan da kuke kallo a ɗaki mai sanyi suke. Ni na taɓa kwana ina yi wa kek fure da bota, na ɗauko shi a adaidaita da rana tsaka a watan Afrilu, kafin in isa gidan sunan furannin sun zame sun taru a gefe guda. Na tsaya a ƙofar gidan mutane hannuna na rawa. Bota tana fara narkewa tun zafi bai kai na jikin mutum ba, mu kuwa a bazara muna haura digiri 40. Tun daga ranar ba na fita da kek sai da sassafe ko bayan la'asar, a cikin kula da ƙanƙara.

Kayan marmari kuma lamarinsu ya wuce na kyau, na lafiya ne. Kankana da gwanda da aka yanka kada su wuce awa biyu a waje, in ana tsananin zafi awa ɗaya. Abin da Ummu Abdallah ta gani na kankanar da ta yini a tebur, gara ma da aka zubar, don in an ci ana iya kwana a asibiti. Don buɗa-baki, ki sassaƙa ɓawon da rana ki rufe da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta a firji ko kula, kayan cikin kuma ki yanka su saura rabin awa a sha ruwa. Tuffa da ayaba suna yin baƙi da sun sha iska, ki shafa musu ruwan lemun tsami. Kalar kwalba in dole sai kin saya, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kada ki karɓi garin kala da aka ƙulla a leda ba suna ba komai. Katakon da kike yanka nama daban, na kayan marmari daban.

Sai abu ɗaya da nake roƙon kowa: tsinken sakace da kuka soke abu da shi, ku ƙirga nawa kuka sa, ku ƙirga nawa kuka cire kafin faranti ya je gaban yaro. Inabi ma a tsaga shi a tsaye ga ƙananan yara, yana maƙalewa a wuya.

Maman Sultan

Anti wannan na tsinken ban taɓa kawo shi a raina ba, kuma ina amfani da shi. Na gode ƙwarai.

Hajiya Babba

Kun ga dalilin da ya sa kayanmu na gara suka dace da ƙasarmu. Dubulan da alkaki an soya an tsoma a sukari ko zuma, su yi makonni ba firji ba ƙanƙara. Nakiya ta fi haka daɗewa. Waɗanda suka ƙirƙiro su sun san garin da suke zaune.

'Yar Damagaram

Maman Ilham, in kin yi ki ɗauki hoto mu gani. Ki kai farantin bakin taga da rana, ki kashe fitilar waya, ki shimfiɗa faifai ko farin ƙyalle a ƙasa. Kuma kada ki goge hotunan farko, bayan wata uku za ki so ki gwada su da na lokacin.

Maman Ilham

Assalamu alaikum, na dawo bayan kwana biyar. Na sayi ƙaramar wuƙar, na kai wa mai washi ya gyara mini har da tsohuwar. Ranar farko kokwamba biyu na yi, ta farko tsagar ta yi kauri ta ƙi lanƙwasuwa, ta biyu ta yi. Jiya na yi shinkafar Anti 'Yar Zango, hawa biyu dai, fara da ta kurkum, na kife a farin faranti, na sa ganyen kokwamba uku a gefe da furen tumatir guda ɗaya. Furen ya tsinke sau ɗaya, na haɗa shi a wajen naɗi, ba ya nunawa. Cikin tumatirin da guntun kokwambar na yanka su da albasa na yi ɗan kwaɗo, ba abin da ya tafi shara.

Da na ajiye wa Baban Ilham ya daɗe yana kallo bai ɗauki cokali ba, sannan ya ce baƙi za mu yi ne? Na ce a'a, naka ne. Ilham kuma ta tsaya a kan kujera kusa da ni tana cewa ita ma a ba ta ta yi, na ba ta cokali da ayaba ta jera a faranti da kanta. Kankana sai sati mai zuwa in Allah Ya kai mu.

Mama Hajiya Babba, maganarki ba ta bar ni na yi barci ba. Ni ce yarinyar da kika ce, ban iya naɗa dubulan ba, mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, ban samu wanda zai zaunar da ni ba. In ba takura, ki koya mini.

Hajiya Babba

Allah Ya jiƙan mahaifiyarki, 'yata, Ya sa ta huta. Ba takura ko kaɗan. Jikata za ta riƙe mini waya ranar Asabar bayan la'asar in naɗa a hankali ki gani, sai in turo nan kowa ya amfana. Ki tanadi fulawa gwangwani huɗu, mai, ɗan gishiri, sukari da lemun tsami. Kwaɓin ya yi tauri, ba irin na fanke ba, ki rufe shi ya huta kafin ki fara murzawa.

Maman 'Yan Biyu

Mama, a sa da ni a na Asabar ɗin. Gwangwanin madara kike nufi ko babba?

Hajiya Babba

Na madara, 'yata.